Salatif a Kan Murfin Tanki

Litinin

Zuwa ga ƙanina, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya gwiwar nan taka da ke tashi in ka daɗe a zaune? Ya makarantar koyon tuƙi, ɗalibai suna zuwa kuwa? Mu nan lafiya lau. Uwargida tana gaishe ka, ta ce wai ka manta hanyar gidanmu.

Auta, ka san ni. A aji uku na sakandare na ajiye littafi. Na yi yaron mota shekara huɗu, na ja tifar wani shekara tara, na sayi tawa ta farko ba wanda ya sa mini hannu. Yau ina da wurin fasa dutse, injin niƙa biyu, tifa bakwai, ma'aikata sittin da ɗaya. Na gina gida, na gina gareji, na kai yara biyar makarantar da ni ban taka ba. Ban ci gado ba, ban yi uban gida ba. Na jero maka waɗannan ne don ka san cewa mutumin da ya yi su ba za a tsaya a gabansa a yi masa wayo a kan man fetur ba.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. A mota akwai kunne, a ofis akwai kunne, a gida kuwa kunnen ya fi ko'ina tsawo. Shi ya sa na ba direban tifar da ke kai muku tsakuwa wannan takarda. Duba bakin ambulan, in ka ga alamar an buɗe, ka gaya mini.

Maganar jif ɗin nan ce da na saya wata huɗu da suka wuce, irin mai aiki da fetur da batir, wadda kuke kira haibirid. Dillalin ya rantse mini lita ɗaya tana kai ta kilomita goma sha takwas. Ban yarda da shi ba tun a wurin, don mutumin da ke murmushi kafin ka yi magana ba na sakin jiki da shi. Amma na saya, na kuma sa ido.

Ga yadda muke yi. Daga Litinin zuwa Juma'a Kunkuru ke jan ta. Ka tuna shi, direbana na shekara ashirin da huɗu, wanda na sa wa sunan nan saboda ko gobara ake yi a bayansa ba zai ƙara gudu ba. Yana kai ni ofis, banki, gareji, ya kai uwargida kasuwa, duk cikin gari, cikin cunkoso. Kusan kilomita ɗari uku. Juma'a da yamma sai ya cika tanki, ya kawo mini rasit da makulli. Rasit ɗin ba ya wuce lita goma sha bakwai.

Asabar da Lahadi ni nake ja da kaina zuwa wurin dutse, kilomita saba'in da biyar tafiya, saba'in da biyar dawowa. Kwana biyu, ɗari uku ke nan, daidai da tasa. Hanya buɗaɗɗiya, ba cunkoso, ba fitilar tsayawa. Litinin da safe muna biyawa gidan mai ina zaune a ciki, ina kallon famfo da idona. Lita talatin take sha, Auta. Talatin!

Tun ina yaron mota na san cunkoso ke cin mai, babbar hanya ke tattalinsa. To ta yaya mai yawo cikin cunkoso zai ƙona sha bakwai, ni da ke kan babbar hanya in ƙona talatin? Amsar ɗaya ce. Tankin da ake miƙo mini ranar Juma'a ba cikakke ba ne. Ana cikawa, a karɓi rasit, sannan a zuƙe wani abu kafin a shigo gida. Za ka ce ai ma'auni zai nuna. A da, lokacin da ma'auni allura ce, sai in yarda. Yanzu wasu 'yan fitilu ne a kan gilashi, kuma duk abin da ke kan gilashi akwai mai iya taɓa shi.

Ban kama shi ba tukuna. Amma na ga wani guntun tiyo a rataye a bayan ɗakin maigadi, kuma babur ɗinsa ban taɓa ganin ya tura shi don ƙarewar mai ba. Sannan matar da ke zuba mai a gidan man da muke zuwa, in ta gan shi har kujera take turo masa, tana kiransa Baba. Ni da ke da motar ko kallo ban ishe ta ba.

Kai ka san motocin zamani. Gaya mini, ana iya juya lissafin da ke kan allon gaban direba? Kada ka faɗa wa kowa, har maiɗakinka, don ka san suna waya da uwargida.

Ka gaida yara. Na gode.

Yayanka,
Mai Dutse

Alhamis

Ƙanina Auta,

Sallama da fatan alheri. Takardarka ta iso, bakin ambulan lafiya. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Ka ci gaba da shafa maganin, kada ka ga ka warke ka watsar kamar yadda ka saba.

Na karanta bayaninka sau biyu. Ka ce irin wannan mota a cikin gari ta fi tattali, don a cunkoso injin barci yake yi, batir ke tura ta, kuma duk lokacin da aka rage gudu a hankali tayoyi ke mayar wa batirin caji. Ka ce a babbar hanya da gudu sosai, inji ne kaɗai ke wahala da iska. To, na ji. Haka dillali ma ya ce. Ban ce kun haɗa baki ba, amma na lura kalmominku sun yi kama.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne tambayarka ta ƙarshe, wai in bayyana maka yadda nake tuƙi. Ni, Auta? Ni da na ɗora ka a cinya a gaban tifa na riƙe maka sitiyari? To tunda ka tambaya, ga shi, ka nuna mini inda laifi yake.

Da safe ba na tayar da mota in fizge ta kamar 'yan yanzu. Wannan jif ɗin in ka kunna ta shiru take yi, sai wani koren rubutu, kamar mara lafiya. Ni kuwa sai na taka totur injin ya farka, in riƙe shi minti goma sha biyar ya yi ɗumi, yadda aka koya mana. A hanya ba na wasa, ɗari da arba'in nake riƙewa, don ina da mutum sittin da ke jira na. In na zo tsayawa, ina tsayawa ne kamar namiji, birki ɗaya. Babban abin kuma shi ne gangaren nan na dawowa, mai kusan kilomita goma sha biyu. Da na hau kansa sai in cire giya in sa ta firi, ta gangara da nauyinta. Da wannan dabarar na tara rabin abin da na sayi tifar farko. Mai tifar da nake ja a lokacin har yau bai san yadda nake dawo masa da ragowar mai ba. Kariyar ɗora kaya da ke kan rufin motar kuwa ta ɗaukar samfurin dutse ce, Asabar nake ɗaura ta, Lahadi da yamma in sauke. Wannan ba ruwansa da inji.

Yanzu ga abin da na yi. Juma'ar da ta wuce na bi Kunkuru gidan mai, na ce ina son shan iska. Na fito na tsaya a kan matar, ta cika har sai da mai ya leƙo bakin tanki. Muna isa gida na sallame shi. Na ɗauko salatif na liƙe murfin tankin, na sa hannu a kai da biro, rabin sa hannun a kan salatif, rabi a kan fenti. Asabar da safe yana nan yadda na bar shi. Na yi tafiyata ta kwana biyu. Litinin, lita ashirin da tara da rabi.

Na san me za ka ce. Amma ka yi tunani irin na wanda ya zauna da direbobi. Tanki yana da ƙasa, ba sama kaɗai ba. Kuma famfon gidan mai ɗan Adam ne ke saita shi. In da mutum a ciki, zai iya nuna mini talatin alhali ashirin ya zuba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Na sake liƙa sabon salatif, na manta ban cire ba kafin ya zo wanke mota. Ina kallonsa ta taga. Ya zo wurin da tsumma, ya tsaya, ya sunkuya ya karanta sa hannuna. Sai ya goge kewayen wurin a hankali, bai jiƙa salatif ɗin ba, ya wuce zuwa taya. Mai gaskiya ai da ya tambaya. Ko ba haka ba?

Uwargida ta gani ita ma. Ta ce mutumin da ya kai 'ya'yanmu biyar makaranta ya dawo da su ba ko ƙwarzane, shi zan liƙe wa tanki kamar kwalin kaya? Ta ce in dai neman ɓarawon mai nake, in duba cikin takalmina na dama. Na ce mata ta tsaya a kan abin da ta sani. Ta ce ai shi ta tsaya a kai, shekara talatin tana zama a gefena tana riƙe da ƙofa.

Ina da wani tarko da zan ɗana. Zan sanar da kai. A gaida gida.

Yayanka,
Mai Dutse

Talata

Auta,

Gaisuwa da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya, sai dai gidan ba daɗi, uwargida ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole.

Kafin komai, ina so ka amsa mini tsakaninka da Allah: ka kira Kunkuru? Ka gaya masa abin da na rubuta maka? Don abin da na gani ranar Asabar ya yi kama da na mutumin da aka shirya.

Ban faɗa masa komai ba sai da safe na aika ya zo, na ce yau shi zai kai ni wurin dutse. Na zaɓi wani gidan mai da ba mu taɓa shiga ba, a ɗaya gefen gari, na cika har baki a kan idona. Na zauna a gaba, ba a baya ba, ina kallon hannunsa da ƙafarsa.

Tun a gida ya fara. Ya tambaya ko akwai samfurin da za a ɗauko yau. Na ce babu. Ya ce to a bar kariyar, iska take tarewa. Ya zagaya tayoyi da ɗan ma'auninsa, ya tsaya wurin mai faci aka ƙara wa biyu iska. Ya kunna mota, ko ɗumi bai bari ta yi ba, ya ja ta haka shiru kamar mai satar fita. A babbar hanya ya tsaya a kan casa'in, wani lokaci casa'in da biyar. Motocin kaya suna wuce mu, ni ina jin kunya ina sunkuyar da kai. In ya hango mahaɗa ko rami tun daga nesa sai ya ɗage ƙafa, ya ɗora ta a birki kamar mai tsoron taka ƙwai, motar ta yi ta rage gudu da kanta.

A dawowa, da muka hau gangare, na ce masa ya sa firi. Ya ce in yi haƙuri, wannan ba ta son firi. Ya nuna mini hoton batir a allo. Muna sauka yana cika, layi bayan layi, kafin mu kai ƙasa ya cika fal. Daga nan har muka shiga gari, muka wuce shataletale biyu, ban ji ƙarar inji ba. Muka koma gidan man nan, famfo ɗaya. Lita tara, Auta. Kilomita ɗari da hamsin.

Lahadi na ja da kaina, hanya ɗaya, famfo ɗaya, ba kowa sai ni. Lita goma sha biyar.

Na yini ina juya abin. Na ce to, in ba sata ba ne, akwai wani maɓalli a motar da ya sani ya ɓoye mini, don in riƙa ganin ba zan iya yi ba sai da shi. Direbobi suna haka, ni ma na yi. Jiya da safe a gareji, makanikai da direbobin tifa suna tsaye ana rabon aiki, na kira shi. Na ce ya nuna mini maɓallin a gaban kowa. Ya ce babu wani maɓalli. Raina ya ɓaci, bakina ya riga ni. Na ce to tiyon da ke bayan ɗakin maigadi fa, na mene ne? Da matar gidan mai da ke ba shi kujera?

Wani makanike ya ajiye sifana a hankali don kada ta yi ƙara.

Kunkuru bai ɗaga murya ba. Ya ce tiyon na zuƙe ruwan da ke taruwa a kwatar bayan gida ne, uwargida ce ta saya. Matar kuwa ƙawar 'yarsa ce, tare suka yi makaranta. Ya ce sau uku yana ƙoƙarin gaya mini maganar firi da ɗumama inji, sau uku ina ce masa na fara tuƙi kafin ya san hanyar tasha. Sannan ya ce, “Maigida, salatif ɗin na gan shi. Na ce bari in jira, wataƙila ka cire da kanka.” Ya ciro makulli ya ɗora a kan bonet, ya yi wa mutanen gareji sallama ɗaya bayan ɗaya, ya hau babur ɗinsa. Ko a nan ma bai yi gudu ba.

Ya tafi. Ni ban kore shi ba, kowa shaida ne. Kuma ban ce masa ɓarawo ba, tambaya na yi. Mutum ba shi da ikon tambaya a kan motarsa? Direbobi sun cika gari. In yana jira in aika a ba shi haƙuri, zai daɗe.

Ka amsa mini tambayata ta farko.

Yayanka,
Mai Dutse

Laraba

Ƙanina,

Ina gaisuwa. Ya iyali, ya ɗalibai? Na ji an ce ka ƙaro mota a makarantar, har da irin tawa. Allah ya sa albarka. Ba daga bakinka na ji ba, kamar yadda ba daga bakinka na ji ɗaya labarin ba.

Mako uku ke nan. Uwargida ce ta gaya mini, tana ninke kaya ko kallona ba ta yi, cewa Kunkuru ya koma garinku wurin 'yarsa, kuma kai ka ɗauke shi yana koyar da tuƙi. Ka ce ba ka taɓa kiransa ba kafin abin ya faru. Na karɓa. Amma ka yarda da ni abin ya zo maka daidai: ka sayi haibirid, ga mai koyar da ita ya faɗo maka daga sama. Na tuna shekarun baya ka taɓa cewa in na gaji da shi in ba ka. Ban ce ka shirya ba. Na ce dai na tuna.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da ya tafi ni ke jan motar kullum. Makulli yana aljihuna, na biyun yana cikin akwatin ƙarfe a ofis. Na canja gidan mai sau uku. Babu mai taɓa ta sai ni. A cikin garin nan, hanyar da shi yake yi da sha bakwai, ni na yi ta da ashirin da bakwai. Na ɗauki wani direba na gwaji, mai takardu masu kyau, ya yi mako ɗaya ya ƙona ashirin da shida, ya kuma goge mini madubi a ƙofar banki. Na sallame shi. Na zauna a ofis na rasa wanda zan zarga. Ka san wannan bai taɓa faruwa da ni ba.

Lahadin nan, da na hau gangare, hannuna ya kai kan giya da kansa. Na duba gaba da baya, ba kowa. Sai na bar ta yadda take, na ɗora ƙafa a birki kaɗan kaɗan. Auta, batirin ya cika. Na shiga gari injin yana barci. Lita goma sha biyu da rabi. Ba tara ba, amma ba sha biyar ba. Na tsaya a gefen famfo ina kallon lambar har mai zuba man ya tambaye ni ko lafiya.

Dabarar da na yi shekara talatin ina alfahari da ita, ita ce ke hana batirin ci. Ni ke zubar da man da ƙafata, na je na liƙe wa bawan Allah tanki.

Na kira shi a waya. Ya ɗauka, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya tambayi uwargida da yara da sunayensu ɗaya ɗaya. Na ce masa mota tana nan. Ya ce Allah ya tsare. Na ce kujerarsa ma tana nan. Ya ce yana da ɗalibi yana jira. Shi ke nan. Da zagi ya yi da na san yadda zan yi da shi.

Garejin ma ya canja. In na shigo, hira takan mutu. Babban makanikena, wanda ba ya ɓoye mini komai, yanzu in ya sayo ko da ƙusa ce sai ya kawo mini ita a tafin hannu ya ce in ƙirga. Ban sani ba ko ladabi ne ko baƙar magana. Ina zargin ta biyun ce.

Ba aikinsa nake so ka ƙwace ba. Ka tambaye shi kawai, in na zo, zai zauna da ni a mota awa ɗaya? A mota muka saba magana, ni da shi. A ɗaki ban san ta inda zan fara ba.

Ka gaida maiɗakinka. Na san ta san komai, ba sai ta yi kamar ba ta sani ba.

Yayanka,
Mai Dutse

Litinin

Auta, ƙanina,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Amsarka ta same ni a gareji, na karanta ta a tsaye.

Ka ce Kunkuru ba zai dawo ba, ya gaji da hanya, yana son zama kusa da jikokinsa. Wannan na ji, ko da yake bai yi mini daɗi ba. Ka ce kuma ya ce shi yanzu ma'aikacin makaranta ne, ba ya shiga mota da kowa sai wanda sunansa ke cikin rajistar ɗalibai. Na san Kunkuru. Ya faɗi haka ne don ya tabbata ba zan yi ba.

Kai kuma ka ce kada in damu, in zo ranar da ba kowa, ka lallashe shi mu fita ta ƙofar baya, ba sai an rubuta komai ba, don kada a ga mai tifa bakwai a layi ɗaya da 'yan shekara sha takwas. Na gode da rufin asiri, amma ba na so. A gaban mutum ashirin na tambaye shi tiyo. Ba zan je in gyara ta ƙofar baya ba.

Yau da safe na tara mutanen gareji a inda abin ya faru. Na ce musu babu wanda ya taɓa mini mai, ƙafata ce, kuma ranar Asabar zan je koyon tuƙi wurin Kunkuru. Wani direban tifa ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Na gane shi, na kuma riƙe.

Zan taso da safe, ba kariya, ba ɗumama inji, a kan casa'in, saboda haka kada ku sa ran ganina da wuri. Uwargida ta ce za ta biyo ni, wai tana son ta ga an ce mini in ɗage ƙafa.

Ga abin da nake so. Ka buɗe rajistar nan taka, wadda kowa ke gani a kan tebur, ba wata ta cikin durowa ba. Ka rubuta sunana da biro, cikakke, har da na mahaifinmu. Kada ka sa Maigida, kada ka sa Mai Dutse. A gefen da ake rubuta malami, ka sa nasa, na gaskiya, ba wanda na laƙaba masa ba. Ka nuna masa shafin kafin Asabar. In na iso zan duba da idona, don har yanzu ban gama yarda da kai ba.

Yayanka.